Taron Lahadi na mazan da aka kai ƙara a Delhi: amfaninsa da illarsa, kamar yadda na gani

Duk namijin da aka kira daga caji ofis a Indiya aka ce matarsa ta shigar da ƙarar gallazawa a kansa da danginsa, akwai inda zan ce ya fara zuwa kafin ya ba lauya ko rupi ɗaya: taron da mazan da suka riga shi shiga wannan halin suke yi duk mako. Ba a biyan kuɗi, ba su da ofis. Lambar waya ce da masu sa kai ke ɗauka, sai zama a wani lambun shaƙatawa ranar Lahadi da la'asar. Irin waɗannan ƙungiyoyi sun fara bazuwa a biranen ƙasar tun wajen 2005, kuma na daɗe ina raka wani abokin aikina zuwa ɗaya daga cikinsu a nan Delhi. Sa'ar farko ta zaman tana ceton rai, wannan na gani da idona. Sa'a ta biyu kuwa tana iya ƙulle wa mutum zuciya har ya kasa fita daga shari'ar da ya zo neman mafita daga gare ta.

Ni tafinta ne, ina yi wa marasa lafiya da ke zuwa asibitocin Delhi fassara. Abokin nawa ɗan ƙasar ne, mabiyin addinin Hindu, yana sashen kuɗi a kamfanin da muke aiki.

Wanda bai zauna a ƙasar nan ba zai yi mamakin yadda rikicin miji da mata ke kai tsohuwa mai furfura gaban 'yan sanda. A Indiya iyayen amarya ne ke ba ango da danginsa dukiya, kuɗi ne, zinare ne, mota ce, abin da suke kira dahej. An haramta shi tun 1961 amma bai mutu ba, matan ne ke mutuwa a kansa: hukumar ƙididdigar laifuka ta ƙasar ta rubuta mata 6,450 da suka rasa ransu saboda shi a 2022 kaɗai. Dalilin da ya sa ke nan a 1983 aka ƙara sashe na 498A a kundin laifuka, wanda ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 3 da tara ga miji ko ɗan'uwan miji da ya gallaza wa mace. 'Yan sanda na da ikon kamawa ba tare da takardar alƙali ba, beli sai kotu ta ga dama, kuma ko ma'auratan sun shirya ba su da ikon janye ƙarar da kansu. Daga 1 ga Yulin 2024 sabon kundi ya maye gurbin tsohon, laifin ya koma sashe na 85 da 86, amma a bakin jama'a har gobe 498A ne. Jinin mata ne ya haifi dokar nan, ban taɓa jayayya da hakan ba. Sai dai an ajiye ta a inda hannun mai son ramuwar gayya ma zai kai, kuma Kotun Ƙolin ƙasar da kanta ta faɗa tun 2005 cewa yin amfani da ita ba bisa gaskiya ba zai iya buɗe ƙofar wani sabon ta'addanci da sunan shari'a, duk da cewa ta ƙi soke ta.

Auren abokina ya daɗe yana tangal-tangal. Shi da bakinsa bai taɓa ce mini shi waliyyi ne ba. Ya ce an yi faɗa, an yi baƙaƙen maganganu daga ɓangarorin biyu. Matar ta ɗauki 'yarsu ta koma gidan iyayenta a wani gari a jihar Uttar Pradesh, can ta shigar da ƙara, kuma doka ta ba ta wannan damar, domin tun 2019 Kotun Ƙoli ta ce mace na iya kai ƙara a garin da ta samu mafaka. Abin da ya karya shi shi ne jerin sunayen: shi, mahaifiyarsa mai ciwon gwiwa da ba ta iya hawa bene, ƙanwarsa da ke aure a Pune, har da mijin ƙanwar da bai taɓa kwana a gidan ba. Lauyan da ya fara gani ya ce masa kafin ƙarshen mako za a kwashe su duka, ya kawo rupi dubu ɗari biyu a nema musu belin riga-kafi. A daren nan ne ya kira lambar ƙungiyar, ina zaune a gefensa.

Wanda ya ɗauka bai tambayi sunansa ba. Cewa ya yi, "Ɗan'uwa, ka ci abinci yau?" Sannan ya tambaye shi ko koke ne kawai aka kai ko an riga an buɗe rahoton farko na 'yan sanda, wanda suke kira FIR, da wanda ya kira shi, da ko an ba shi takarda a rubuce. Bai yi masa alkawarin komai ba. Ya ce ya kwanta, ba wanda zai fasa masa ƙofa a daren, ya zo ran Lahadi da kowace takarda da ke hannunsa, kada kuma ya kira matar ko danginta yana cikin wannan zafin. Wannan kiran kaɗai ya fi mini duk abin da lauyan farko ya faɗa daraja.

A lambun ana zama ne a kan ciyawa a zagaye, wasu a kan benci, mai shayi na zagayawa da ƙananan kofunan takarda. Kowa da jakarsa ta roba cike da takardu, kuma daga kaurin jakar za ka gane shekarun da mutum ya yi yana zaryar kotu. Akwai masu aikin kwamfuta, akwai direbobi, akwai malaman makaranta, har da tsofaffin mata da aka sa sunansu a ƙarar surukansu, suna zaune a gefe sun rufe kai da gyale. Sababbin zuwa ake fara saurara. Wanda ke jan ragamar wannan ɓangaren wani dattijo ne da ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa, kowa na ce masa Kawu, shi kuma ƙarar da aka kai ɗansa ce ta fara kawo shi.

Kawu ya sa tabarau, ya ɗora takardar ƙarar a cinyarsa, ya ɗauki fensir. Layi-layi ya bi ta. Duk inda aka rubuta rana da wuri sai ya ja layi a ƙasa ya ce, "Ɗana, ran nan kana ina? Me zai nuna?" Duk inda aka ce "dukansu sun zage ni, dukansu sun nemi mota" ba rana ba wuri, sai ya yi ɗan da'ira a gefe. Da ya gama, ya ɗaga takardar ya nuna masa: kusan duk abin da ya shafi ƙanwarsa da mijinta da'ira ne. Ya ce irin wannan zargin na jimla, da ake tattaro dangi a zuba a ciki ba tare da faɗin abin da kowa ya yi ba, Kotun Ƙoli ta sha yin watsi da shi, ya ambaci shari'ar Kahkashan Kausar ta 2022. Sannan ya koma kan layukan da ya ja, ya ce, "Waɗannan kuma naka ne. Kada ka yi wa lauyanka ƙarya a kansu, shi ne mutum na ƙarshe da ya kamata ka ɓoye wa."

A nan ne abokina ya fara jin sunan Arnesh Kumar, hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a watan Yulin 2014, wanda kowa a lambun ya haddace. Kotun ta kawo alƙaluman 2012: mutum 197,762 aka kama a ƙarƙashin sashen nan a shekara ɗaya, kusan kashi ɗaya cikin huɗu mata ne, wato iyaye da 'yan'uwan mazajen, kuma kashi 15 cikin 100 ne kawai na shari'o'in suka ƙare da samun laifi. Daga nan ta hana kamun kai-tsaye. Dole ɗan sanda ya rubuta dalilin da ya sa kamun ya zama tilas, in ba haka ba sai dai ya aika takardar gayyata, kuma muddin mutum yana amsa gayyatar ba a tsare shi haka kawai. Lauyan farko ya san wannan sarai, ya zaɓi ya yi shiru. Ba wai belin riga-kafi ba shi da amfani ba, daga baya ma an nema wa abokina shi kaɗai. Amma an nema a natse, ta hannun wani lauya da mutanen taron suka gwada, a kan kuɗin da bai kai kwatan na farko ba.

Shawarar da ta fi ba ni sha'awa ita ce ta gwala-gwalai. Duk abin da aka ba amarya lokacin biki, daga danginta ko na miji, mallakinta ne a dokar ƙasar, riƙe shi kuma wata ƙarar ce daban ta cin amana. Mahaifiyar abokina ta so ta riƙe sarƙoƙin da ita ta saya da kuɗinta. Kawu ya je inda take zaune, ya haɗa hannu ya gaishe ta, ya ce, "Yaya, ki ba ta kayanta. A rubuta su ɗaya bayan ɗaya, a ɗauki hoto, a miƙa a gaban jami'i, a karɓi sa hannu. Sarƙa ba ta kai zaryar kotu da wannan gwiwar taki ba." Tsohuwar ta yi kuka, amma ta bayar.

Maganar kuɗin ciyarwa ce ta fi ɗaure wa maza kai, a nan kuma taron ya nuna gwaninta. Mace na iya neman ciyarwa ta ƙofofi da yawa a lokaci guda: tsohon sashe na 125 na kundin tsarin shari'ar laifuka, wanda yanzu ya zama na 144, da dokar hana cin zarafi a cikin gida ta 2005, da sashe na 24 na dokar auren Hindu ta 1955. Abokina ya ga sammaci uku ya ɗauka sau uku zai riƙa biya. Aka zaunar da shi aka yi masa bayanin hukuncin Rajnesh da Neha na Nuwamban 2020: miji da mata kowa zai cika takardar rantsuwa ya bayyana samunsa da dukiyarsa da bashinsa, abin da wata kotu ta yanke ana lissafa shi a ɗayar, kuma ciyarwar tana fara aiki ne daga ranar da aka shigar da buƙatar, ba ranar da alƙali ya yanke ba. Wannan na ƙarshen shi ne ramin da mutane ke faɗawa. Shari'a ta ja shekara biyu, rana ɗaya a ce ka biya bashin wata ashirin da huɗu, in ka gaza akwai ɗaurin da zai iya kai wata guda a kan kowane watan da ba ka biya ba. Suka ce ya buɗe asusu daban, duk wata ya zuba kusan kwatan albashinsa, domin akwai hukuncin 2017 da ya ɗauki kashi 25 cikin 100 a matsayin abin da ya dace, ko da yake ba ƙa'ida ce da ta ɗaure kowane alƙali ba. Albashinsa rupi 60,000 ne, kotu ta yanke 16,000 na wucin gadi ga uwa da 'ya. Ranar da hukuncin ya fito kuɗin na ajiye.

Wani matashi a wurin ya ce masa ya ajiye aiki kawai, a ga ta inda za a ciri kuɗin. Kawu ya tsawata masa a gaban kowa. Ya ce alƙalai ba yara ba ne, ƙarfin nema suke dubawa ba takardar barin aiki ba, sannan yarinyar da za a ciyar 'yar wa ce?

Dalilin da ya sa irin wannan taimakon ke da tsada a wurin namiji shi ne, dokar ba da lauya kyauta ta 1987 ta ba kowace mace wannan haƙƙin komai samunta, namiji kuwa sai samunsa ya gaza wani mizani ko ya faɗa wani rukuni na musamman. Ma'aikaci mai matsakaicin albashi ya fi ƙarfin kyauta, bai kuma kai ƙarfin lauyoyi a kotuna uku a wata jiha ba. Ga kuɗin jirgin ƙasa, ga hutun da yake roƙa a ofis, ya yi tafiyar dare ya isa kotu da safe a ɗage zaman cikin minti biyu saboda ɗaya ɓangaren bai zo ba. Abokina ya rame har wandonsa na zamewa. Ya daina cin abincin rana da mu, ya daina ɗaga wayar dangi saboda kunya, kuma abin da ya fi ci masa rai bai taɓa zama kuɗin ba, rashin ganin 'yarsa ne.

A watan Disamban 2024 wani ma'aikacin fasahar kwamfuta mai shekara 34, Atul Subhash, ya kashe kansa a Bengaluru, ya bar wasiƙa mai shafi 24 da bidiyo mai tsawon fiye da sa'a guda yana zargin matarsa da danginta da azabtar da shi da ƙararraki a Jaunpur, zargin da dangin suka musanta. Lahadin da ta biyo baya lambun ya cika har ba wurin zama. Abokina ya kalli bidiyon nan fiye da yadda ya kamata, ni kuma tsoro ya kama ni. Wani direban tasi daga cikin 'yan taron, wanda ba ruwansa da sassan doka, shi ya lura da shi. Ya karɓi lambarsa, ya riƙa kiransa kowace safiya kafin ya fita aiki, ba wata doguwar magana, "Ɗan'uwa, ka tashi? Ka yi wanka? To sai yamma." Bai fasa ba har abokina ya dawo cikin hayyacinsa. Ba lauyan da zai yi maka wannan ko nawa ka biya shi.

Amma a nan ne kuma na ga giɓi babba. Mutanen da ke ɗaukar kiran mazan da ke gab da halaka kansu ba su da horo ko kaɗan, kuma akwai masu ganin zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa rauni ne, ko kuma makami ne da za a miƙa wa lauyan matar. Gwamnati na da layin Tele-MANAS, 14416, kyauta dare da rana tun Oktoban 2022. Ban taɓa jin an ambace shi a zaman ba. Ni na ba abokina lambar, na kuma roƙi Kawu ya riƙa faɗar ta ga duk sabon zuwa.

Idan aka sallami sababbi, sai a shiga abin da suke kira wayar da kai, muryoyi kuma su canza. Masu magana a nan yawanci waɗanda shari'a ta cinye wa ƙuruciya ne, ina jin zafinsu, amma abin da suke koyarwa guba ne. Sai ka ji ana cewa duk ƙarar 498A ƙarya ce, hujjar kuwa ita ce ƙarancin waɗanda ake samu da laifi. Sallamar mutum a kotu ba ta nufin matar ta yi ƙarya. Shaidu na janyewa, ana sulhu a bayan fage, abin da ya faru a cikin ɗaki yana da wuyar tabbatarwa. Haka suke yi da alƙaluman kisan kai. Gaskiya ne cikin kusan mutum 171,000 da suka kashe kansu a Indiya a 2022 fiye da kashi 70 cikin 100 maza ne, abin tashin hankali ne da ya isa a tsaya a kansa, amma a ɗora su duka a wuyan matan aure rashin adalci ne ga mamatan ma, waɗanda bashi da ciwo da rashin aiki suka ci da yawansu. Kuma ba a tantance kowa. Na ji da kunnena wani yana ba da labarin marin da ya yi wa matarsa yana murmushi, aka ba shi shawara iri ɗaya da ta abokina, ba wanda ya ce masa kanzil. Ranar nan na tashi na bar wurin raina a ɓace, don na san a wani gari akwai matar da ke ɗauke da tata jakar takardun, ita kuma gaskiya ta faɗa.

Ilimin dokar ma ba duka ne sabo ba. Wani ya dage cewa dole a fara miƙa kowace ƙara ga kwamitin jin daɗin iyali kafin 'yan sanda su taɓa ta, yana kafa hujja da hukuncin Rajesh Sharma na 2017, alhali Kotun Ƙoli ta janye wannan ɓangaren a 2018, ko da yake a 2025 ta amince da wani tsari makamancinsa da Babbar Kotun Allahabad ta shimfiɗa. Duk abin da ka ji a kan ciyawar nan, ka kai wa lauya ya duba. Zaman kuma da harshen Hindi ake yinsa, wanda ba ya ji sai ya zo da mai taimaka masa.

Inda suka fi cutar da mutane shi ne batun sulhu. Taken masu zafin shi ne kada ka biya ko rupi ɗaya, ka yi ta fafatawa har a wanke ka. Na fahimci dalilinsu, biyan kuɗi a kan ƙarar da ka san ƙarya ce yana da ɗaci, kuma yana ƙarfafa mai niyyar yin irinta gobe. Amma shekarun da za a ƙone na mutum ɗaya ne, ba na taron ba. Da kotu ta tura abokina cibiyar sulhu, dangin matar suka buɗe baki da rupi miliyan huɗu. Wasu a taron suka ce in ya zauna a teburin nan ya ci amanar maza. Kawu ya ja shi gefe ya ce, "Ɗana, 'yarka na girma. Ka lissafa da shekarunta, ba da fushin waɗannan ba." Sannan ya koya masa abin da ya kamata ya shiga takardar: a raba kuɗin kashi uku, na farko ranar gabatar da buƙatar rabuwa bisa yardar juna, na biyu ranar tabbatar da ita, na uku sai ranar da Babbar Kotu ta soke ƙarar laifin a kan kowa da kowa, tunda ita ce ke da wannan ikon. A kuma rubuta ranakun ganin yarinya da sa'o'in kiran bidiyo dalla-dalla, kada a bar shi a "yadda aka ga ya dace".

An daidaita a kan miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, ban da kuɗin makarantar yarinyar da zai ci gaba da biya. Ya ci bashin banki, ya sayar da babur ɗinsa. Wasu daga cikin waɗanda ya saba shan shayi da su a lambun sun daina amsa gaisuwarsa. An raba auren, ya biya kashi biyu, na ukun na jiran ranar da Babbar Kotu ta sa don soke ƙarar, sai a ranar ne sunan mahaifiyarsa da na ƙanwarsa za su fita daga takardar 'yan sanda. Har yanzu yana zuwa taron, yana zama kusa da Kawu da nasa fensirin yana taya shi duba takardun sababbin zuwa, kuma da an ce za a shiga wayar da kai sai ya ɗauki jakarsa ya nufi tashar jirgi.